Hasumiyar Talabijin Za Ta Iya Tsaya Wa GPS?

Tambaya: Malam, na ji ana gwada amfani da siginar talabijin a Amurka a madadin GPS. Tunda taswirar waya na kai mu ko'ina, me ya kawo wannan wahala? Daga Kaduna.

Amsa: Ɗan'uwa, ka sosa min inda ke yi min ƙaiƙayi. Kai ma kana cikin masu ɗauka GPS na nemo gidan biki ne kawai. Ɗaya daga cikin manyan ayyukansa shi ne bayar da lokaci. Hasumiyoyin kamfanonin waya, tashoshin wutar lantarki da kasuwannin hannun jari, da yawansu daga taurarin ɗan'adam suke saita agogonsu. Kuma lokacin nan ba ya son wasa: sigina na cin mita 300 cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. Agogo ya kuskure da wannan ɗan ƙanƙanin, wayarka ta ajiye ka wata unguwa daban.

Abin da ke damuna shi ne, taurarin GPS suna can nisan kilomita 20,200. Kafin siginarsu ta iso ƙasa ta galabaita, har 'yar na'urar da ake jonawa a cajar mota ta isa ta danne ta. Matuƙa jirage a yankin tekun Baltik sun sha kokawa kan haka. Ita kuwa hasumiyar talabijin ga ta nan kusa, ƙarfinta kan kai megawat ɗaya, siginarta na ratsa bango. Shi ya sa ƙungiyar masu gidajen watsa labarai ta Amurka, NAB, ta ɓullo da BPS, tsarin ba da lokaci da gano wuri ta siginar talabijin, a kan ATSC 3.0, wato sabon tsarin talabijin na dijital na Amurka. Kowace hasumiya tana cusa lokaci da inda take cikin siginarta. Ɗaya ta isa ta ba ka lokaci in an san inda kake tsaye. Gano wuri kuwa sai an kama uku ko fiye.

Kada ka yi saurin murna. Mu a Najeriya wani tsarin daban mai suna DVB-T2 muke bi, wanda da shi aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos a 2016, kuma BPS ba a kansa aka gina shi ba. Sannan hasumiyoyin dijital da dama su kansu daga GPS suke ɗaukar lokaci. Sai an ba hasumiya agogon atom nata na kanta, wato agogo mai tsananin daidaito, kafin ta iya ceton kowa ranar da GPS ya ɗauke.

Tambaya: Agogon wayata kullum yana baya da minti biyar. Daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, da hannu kika saita shi, ko? Shiga saiti, kunna ɗaukar lokaci kai tsaye daga netiwok, shi ke nan.

Tambaya: Taswira na tsayawa in na shiga daji. Daga Gusau.

Amsa: Data ce ta yanke, GPS na nan. Sauke taswirar yankin a Google Maps tun kana gida, kamar yadda nake yi kafin kowace tafiya.