Kafar kebul ɗin intanet ta daina aiki: a goge Windows ne, ko madabod ya ƙone?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da kwamfutar tebur mai Windows 10 wadda nake jona ta da rawuta ta hanyar kebul, kuma na daɗe ina aiki da ita lafiya lau. Kwanan baya aka yi ruwa da tsawa cikin dare, wuta ta ɗauke ta dawo, da gari ya waye na kunna ta sai na tarar babu intanet. Wayata kuwa tana samu daga wannan rawutar ta Wi-Fi ba tare da wata tangarɗa ba. Na leƙa bayan kwamfutar, na ga 'yan fitilun da ke bakin ramin kebul ɗin ba sa ci. Wani abokina ya ce in goge Windows in sake ɗorawa, wani kuma ya ce madabod ne ya ƙone, sai dai in sayi sabo. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ina roƙonka da ka dakata, kada ka bi ko ɗaya daga cikin shawarwarin nan biyu tukuna. Goge Windows zai ci maka yini guda, yana iya salwantar da takardunka, kuma idan lalacewar a jikin ƙarfe take, babu abin da zai gyara. Sayen sabon madabod, wato babban faifan da dukkan sassan kwamfuta suke manne a jikinsa, shi ne mafi tsadar magani, alhali ko da kafar ta mutu ɗungurungum akwai hanyar da ta fi shi sauƙi nesa ba kusa ba. Abin da muke so mu gano abu ɗaya ne: shin kwamfutar tana ganin ɗan guntun na'urar da ke sarrafa wannan kafa, ko kuwa ya ɓace mata? Amsar wannan ita ce za ta nuna mana inda za mu dosa.

Amma kafin mu shiga cikin kwamfutar, sai mu wanke abin da ke wajenta daga zargi. Fitilun nan biyu, galibi ɗaya kore ɗaya ruwan lemo, suna nuna cewa kafar kwamfutarka da kafar rawuta sun ji juna ta cikin kebul, kuma a yawancin kwamfutoci suna kamawa tun kafin Windows ya gama tashi. Rashin cinsu yana nufin an samu yankewa a ɗaya daga wurare uku, ko a kebul, ko a rawuta, ko a kwamfuta. Yadda wayarka take samun intanet bai wanke rawutar ba, domin sashen Wi-Fi daban yake da ramukan kebul da ke bayanta, kuma sau da yawa tsawa takan kashe rami ɗaya ta bar sauran. Don haka ka cire kebul ɗin daga ramin da yake ka mayar da shi wani, sannan ka gwada wani kebul ɗin da ka tabbatar yana aiki. Idan za ka samu aron laftof, ka jona ta da kebul ɗinka a ramin nan na farko. In ta samu intanet, to laifin yana wajen kwamfutarka. Ka kuma haska cikin ramin da tocila. Za ka ga 'yan siraran wayoyi takwas masu ruwan zinariya a jere, kuma ya kamata su kasance a layi ɗaya, babu wadda ta lanƙwashe ko ta hau kan 'yar'uwarta, babu baƙi-baƙin ƙuna, babu ƙura da ta cushe.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, ga matakin da na fi so ka ba muhimmanci, domin shi ne mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi dacewa da labarin da ka bayar. Kwamfutar tebur ba ta mutuwa gaba ɗaya idan an kashe ta. Muddin wayar wutarta tana jone da soket, akwatin wutar da ke cikinta yana ci gaba da aika bolt 5 zuwa madabod, kuma guntun da ke kula da kafar kebul yana cikin masu shan wannan wuta, saboda an tsara shi ya zauna a faɗake ko da za a tashi kwamfutar daga nesa, abin da ake kira Wake-on-LAN. Idan wuta ta yi rawa, guntun yana iya sanƙarewa a wani hali na ruɗewa, kuma ko sau nawa ka kashe ka kunna ba zai warware ba, tunda wutar ba ta taɓa barinsa ba. Maganinsa shi ne ka kashe kwamfutar, ka kashe makunnin da ke bayan akwatin wuta idan akwai, ka zare wayar wuta daga soket, ka zare kebul ɗin intanet ɗin ma, sannan ka danne maɓallin kunnawa na kimanin daƙiƙa 30 domin ragowar wutar da ta taru a ciki ta zube. Ka bar ta 'yan mintuna, ita ma rawutar ka zare ta daga wuta a wannan tsakanin, sannan ka mayar da komai. Kada ka raina wannan mataki don sauƙinsa, kafofi da dama da aka yanke wa hukuncin mutuwa da shi suka farfaɗo.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula wannan. Tun daga Windows 8 aka shigo da tsarin Fast Startup, wanda idan ka zaɓi Shut down ba ya rufe Windows gaba ɗaya, sai ya adana halin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da Windows yake sarrafa sassan kwamfuta da su, suke ciki ya dawo da shi a kunnawa ta gaba, har da kuskuren da ke ciki. Zaɓin Restart shi ne yake farawa daga tushe, haka ma idan ka riƙe maɓallin Shift yayin da kake danna Shut down.

Yanzu sai mu tambayi kwamfutar da kanta. Ka danna maɓallin Windows tare da harafin X, ka zaɓi Device Manager, ka buɗe sashen Network adapters. A nan za ka nemi suna irin su Realtek PCIe GbE Family Controller ko Intel Ethernet Connection, domin waɗannan kamfanoni biyu su ne suke ƙera mafi yawan guntayen da ake mannawa a madabod. Idan ka ga sunan da 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa, an dakatar da shi ne kawai, sai ka danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Enable device. Idan alamar gargaɗi ce ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, kuma ka buɗe ka ga Code 10 ko Code 43, to Windows yana ganinsa amma ya kasa tayar da shi. Ka zaɓi Uninstall device, ka yi Restart, zai sake ɗora direban da kansa. In hakan bai yi ba, ka sauko da direba daga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, kamar ASUS ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, ko kuma Dell da HP da Lenovo idan a haɗe ka sayi kwamfutar. Na san za ka ce da wane intanet ɗin? Ka jona wayarka da kebul ɗin USB ka kunna USB tethering, wato wayar ta ba kwamfutar intanet ta kebul ɗin, ko ka sauko da shi a wata kwamfutar ka ɗauko a filashi. Ina gargaɗinka da manhajojin nan da suke alkawarin sabunta dukkan direbobi da dannawa ɗaya, ban yarda da su ba, kuma ba ka bukatarsu.

Idan kuwa babu sunan ko kaɗan, ka duba ƙarƙashin Other devices, ko za ka ga an rubuta Ethernet Controller. Ganin wannan albishir ne, domin yana nufin guntun yana raye, direba kawai ya rasa. In nan ma babu, sai mu sauka zuwa BIOS, wato shafin saitin madabod da ake shiga kafin Windows ya tashi. Da zarar ka kunna kwamfutar ka riƙa danna Del ko F2, a HP kuma F10, a yawancin Lenovo F1. Ka nemi inda aka rubuta Onboard LAN ko LAN Controller ko Integrated NIC, ka tabbatar yana kan Enabled. Saitin BIOS yana iya birkicewa bayan rawar wuta, musamman idan ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, CR2032 mai bolt 3, ya yi rauni, kuma alamar rauninsa ita ce agogon kwamfuta ya riƙa komawa baya duk lokacin da aka zare wuta. Za ka iya mayar da BIOS kan saitinsa na asali, amma ka ɗauki hoton shafukan da wayarka tukuna, kuma idan ma'ajiyar bayanan kwamfutarka tana kulle da BitLocker, wato makullin sirri na Windows, ka tanadi mabuɗin buɗe shi a hannu, domin yana iya tambayarka. Sabunta BIOS kuwa ba na ba ka shawarar yinsa saboda wannan matsala, don idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aikin, ƙaramar matsala ta zama babba.

Gwaji na ƙarshe shi ne wanda zai raba gardama tsakanin abokanka biyu ba tare da ka goge komai ba. Ka ɗora Ubuntu, wato wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a kan filashi, ka tayar da kwamfutar daga gare shi, ka zaɓi gwadawa kawai ba girkawa ba. Idan intanet ya zo, kafarka lafiyarta ƙalau, matsalar tana cikin Windows. Idan bai zo ba, ka buɗe Terminal, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta lspci. In babu layin da ya ce Ethernet controller, alhali ka zubar da wuta kuma BIOS ya nuna a kunne yake, to guntun ya mutu.

Tunda ka ambaci tsawa, dole in gaya maka cewa akwai hali na uku, wanda yake ruɗa mutane ƙwarai. Tsakanin ramin da guntun akwai ɗan ƙaramin taransifoma da aka sa domin ya raba wutar kebul da ta madabod, kuma ƙa'idar Ethernet, wato tsarin haɗa na'urori ta irin wannan kebul, ta tanadi ya jure bolt 1,500. Wutar da tsawa take cusawa cikin dogon kebul tana iya zarce haka. Idan wannan sashe ne ya ƙone, Device Manager zai ce maka na'urar tana aiki daidai, amma Windows zai dage cewa ba a jona kebul ba, fitilun kuma ba za su taɓa ci ba ko da wane kebul ka kawo. Babu direban da zai gyara wannan.

Ko da hakan ta tabbata, madabod ɗinka yana nan da amfaninsa matuƙar sauran sassan suna aiki. Ka sayi adafta mai mayar da USB zuwa kafar kebul, ka zaɓi ta USB 3.0 ka jona ta a rami mai shuɗin harshe, domin USB 2.0 iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa, ba zai ɗauki gudun gigabit ba, wato megabit 1000. Ni dai ga kwamfutar tebur na fi son katin PCIe x1, wanda ake soka shi a madabod a ɗaure shi da noti, saboda ba ya girgiza kuma ba ya tare ramin USB. Yana shiga dogon ramin PCIe ma idan gajeren babu. Idan akwatin kwamfutarka siriri ne, ka nemi kati mai gajeren ƙarfen ɗaurewa. Bayan ka saka, ka kashe tsohuwar kafar a BIOS. Ka kuma sani cewa sabuwar na'urar tana da lambar MAC, wato lambar shaidarta a kan hanyar sadarwa, tata daban, don haka idan a wurin aiki ne da ake tantance kwamfutoci da wannan lamba, sai an yi mata rajista. Nan gaba idan hadari ya haɗo da tsawa, ka zare kebul ɗin intanet tare da wayar wuta, domin na'urar kariyar da aka jona a soket ba ta tsare abin da ya biyo ta kebul.

TAMBAYA: Ni kuma fitilun suna ci, amma kwamfutar tana rubuta Unidentified network, kuma ran da ta kama sai in ga gudun ya tsaya a 100 maimakon 1000 da na saba gani. Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, taki matsalar ta fi sauƙi, domin cin fitilun ya nuna kafar tana raye. Ki buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, ki rubuta ipconfig. Idan adireshin da ya fito ya fara da 169.254, to kwamfutar ta roƙi rawuta ta ba ta adireshi ba ta samu amsa ba, sai ta raɗa wa kanta. Ki kashe rawutar ki kunna, sannan ki rubuta ipconfig /release, ki bi shi da ipconfig /renew. Ki kuma duba saitin IPv4 na kafar ki tabbatar an bar shi yana karɓar adireshi da kansa. In abin ya ƙi, akwai Network reset a cikin Settings, sai dai yana goge bayanan Wi-Fi da aka adana, kuma manhajar VPN tana iya bukatar a sake saita ta.

Sai dai faɗuwar gudun nan zuwa 100 ta sa na fi zargin kebul ɗinki. Wayoyi takwas ne a cikinsa, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 100 yana amfani da huɗu kawai, gigabit kuwa yana bukatar takwas ɗin duka, saboda haka idan ɗaya daga cikin sauran huɗun ta tsinke ko ta saki a bakin kan kebul ɗin, sai na'urorin biyu su koma 100 ba tare da sun sanar da kowa ba, kuma wayar da take taɓawa tana saki ita ce take sa haɗin ya riƙa zuwa yana tafiya. Ki nemi kebul Cat5e ko Cat6 wanda tsawonsa bai wuce mita 100 ba, ki duba ko ƙofa ko ƙafar kujera ta danne tsohon, ki kuma tabbatar ɗan harshen robar da ke riƙe kan bai karye ba. Idan sabon kebul bai canza komai ba, ki shiga Device Manager, ki buɗe Properties na kafar, a shafin Advanced ki bar Speed & Duplex a kan Auto Negotiation, ki kashe Energy Efficient Ethernet, sannan a shafin Power Management ki cire alamar da ta ba kwamfuta izinin kashe na'urar don tsimin wuta. In har yanzu 100 ɗin ne, ki gwada wani ramin a rawutar, ki kuma duba takardarta, domin akwai rawutocin da ramukansu dama can iyakarsu ke nan.