Ɗakin saurayi, ina ƙofarsa za ta kalla?

'Yata, na ga saƙonki tun jiya da daddare. Sannunku da aiki, sannu da shan ƙura. Allah Ya sa a gama lafiya, Ya ƙara wa maigidan buɗi.

Sai da na yi dariya har na ƙware. Wato angon nawa, ɗan naki, wanda ko gaishe ni zai yi sai an ce masa durƙusa, shi ne yau ya zama malamin al'ada? Ya ji babansa zai rushe zaure ya yi garejin mota, sai ya tuno cewa a gidan Bahaushe saurayi in ya kawo ƙarfi ɗakinsa a waje yake. Don haka a yanka masa nasa, da banɗaki a ciki, ƙofa ta kalli titi, makulli a aljihunsa. Ke kuma kina tambayata ko da gaske haka al'ada ta ce, kuma ko dole ne. Da dariyar ta sake ni sai jikina ya yi sanyi, don yaron bai yi ƙarya ba, rabin zancen kawai ya ɗauko.

Kafin nan, akwai abin da kika faɗa a tsakiyar saƙon kika wuce kamar ba komai ba. Kin ce duk kun tattare a falo ɗaya tunda aka ɗaye rufin ɗakuna, kicin ya koma tsakar gida kusa da buhunan siminti, kishiyata, 'yar taki, tana karatun WAEC a kan bokitin fenti, ƙannen suna ta faɗa a kan caja, mai tayil ya karɓi kuɗi ya yi layar zana. Duk wannan mai wucewa ne. Amma saurayi da budurwa a falo ɗaya, ko da wa da ƙanwa ne, ki gyara shi yau. Wannan ba maganar al'ada ba ce, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a raba musu wurin kwana tun suna shekara goma. Ko labule ne ki ɗaura.

Da babanki na raye, Allah Ya jiƙansa, shi zan ce ki tambaya, don a kansa aka yi irin wannan rigimar a gidanmu. A 1973 ne, shekarar da aka canza kuɗi. Ina tunawa saboda maginin da Baba ya kira ya ce shi bai san wata naira ba, a yi masa lissafi da fam da sule. Sai da aka zaunar da shi aka ce fam ɗaya naira biyu ce, sule kuma kobo goma, duk da haka yana karɓar sabuwar takardar yana jujjuya ta kamar an cuce shi. Lokacin Yaya, wato babanki, ya fara gemu-gemu, muryarsa ta buɗe, Inna ta gaya wa Baba cewa yaron nan ya wuce kwana a cikin gida.

Da hunturu ake gini, kin san ba a taɓa ƙasa da damina. Masu jakuna suka yi ta kawo jar ƙasa a mangala daga bakin kududdufi suna jibgewa a ƙofar gida. Ruwa ya yi wuya a shekarun nan saboda fari, mu yara mu ne 'yan ɗebo shi, tulu a ka tun da asuba. Aka jiƙa ƙasar, aka zuba ciyawa da kashin doki, sai tattaka. Baba ya ce ba zai biya lebura ko sisi a kan kwaɓi ba, mai ɗaki shi zai taka ƙasar ɗakinsa. Yaya ya gayyato abokansa, suka naɗe wando har gwiwa suka faɗa ciki, suna tattakawa suna rera waƙoƙin Indiya da ba su san ma'anarsu ba. In an gama sai a bar kwaɓin ya kwana biyu ya tsima, a sake takawa, sannan a dunƙula tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana ya yi kamar sati biyu.

To, wata rana da yamma akwai fim ɗin da suke son gani a sinima. Suka taka ƙasar sama-sama, suka dunƙule tubali a gurguje suka wanke ƙafa suka gudu. Da ya bushe magini ya zo dubawa. Bai ce uffan ba. Ya ɗauki guda ɗaya, ya ɗaga daidai ƙugunsa ya saki, sai ga shi ya tarwatse ya koma gari. Ya ɗauki na layin farko ya saki, ya faɗi tim bai ko ɓantare ba. Ya kalli Baba, Baba ya kalli Yaya, ya ce a mayar kwaɓi. Shi ke nan maganar. Ba duka, ba zagi. Yaya shi kaɗai ya sake wannan aikin, abokan kowa ya tuna ana nemansa a gida. Ƙafarsa ta yi faso har tana jini saboda sanyi da laka, da daddare Inna tana shafa masa man kaɗanya tana yi masa faɗa a lokaci guda.

Ranar da za a sa harsashi aka yi ta. Baba ya fita kasuwar Kurmi da safe. Yaya ya lallaɓa wajen magini da goro biyu farare, ya shata masa ƙofa da ƙafarsa ta ɓangaren lungu, ya ce haka Baba ya ce. Ni ina tsaye da ƙwaryar kunu a hannu, ya zare min ido. Magini dattijo ne, ya karɓi goron ya jefa a aljihu, ya ci gaba da jera tubali ta sauran ɓangarorin, ya ƙi taɓa wajen ƙofar har la'asar. Baba ya dawo, ya zagaya ginin hannu a baya. Ya tsaya a kan shatin nan ya daɗe yana kallo. Sai ya sa takalminsa ya share shi, ya tako zuwa bangon zaure ya buga da sandarsa, ya ce a fasa nan. Yaya ya ce, Baba ai kowa a unguwar nan ƙofarsa waje take kallo. Baba ya ce, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa ba zan biya magini ya tsaga min nawa ba.

Yaya ya ƙi cin tuwo a daren. Inna ta tausaya, ta je ta roƙi Baba ya bari, in ya ga ba daidai ba daga baya sai a toshe. Ina jin su ta bayan zana. Ya ce mata, tun ran gini ran zane. Ba ta ƙara magana ba.

Daga nan aiki ya miƙe. Ni aka aika maƙwabta in ce ana sallama, gobe magina za su hau bisa, don mata su kimtsa. An kafa zana ta raba tsakar gida, Inna da abokiyar zamanta ba wanda ya ga ko gefen zanensu har aka gama, amma kullum da safe kunun tsamiya da ƙosai, da rana dambu, ni ce mai kaiwa da kwaso kwanuka. Inna takan ce magini mai yunwa karkataccen bango yake yi. Magini yana zaune a kan bango ya ware ƙafa, Yaya yana ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa. Aka jera azarar giginya, wadda gara ba ta iya mata, aka shimfiɗa zana aka ɗora ƙasa. Saman kuma aka shafe da laso, katsin da aka sayo daga marinar Ƙofar Mata aka haɗa da gashin jima da dafara, aka kafa indararo. Warin haɗin nan har yau in na tuna sai na ji shi a hancina.

Kin ga ɗakin ya zama nasa, babu mai shigar masa, ya fita daga cikin mata, abokansa na zuwa su yi hira. Amma duk mai shiga da mai fita sai ya ratsa ta gaban buzun Baba. A zauren nan dattawan lungu suke haɗa kwanon tuwo bayan isha, a nan almajirai suke kwana, a nan ake sauke baƙo. Yaya in ya kai dare a waje, ba Baba kaɗai zai amsa wa ba, har mai shayin bakin lungu sai ya tambaye shi daga ina. Ɗa na kowa ne a lokacin, kuma da gaske ake nufi. Yau ki ce wa ɗan maƙwabci ya ɗaga wandonsa, uwarsa za ta zo har gida da mayafi a kafaɗa.

Ba na cewa ku koma ginin ƙasa. Tun da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, suka fito a 1975 kowa ya fara sayen kwano da siminti, ruwan watan Agustan 1988 kuwa, wanda ya ɓalle madatsar Bagauda, ya rusa gidajen ƙasa da yawa a Kano, daga nan mutane suka tsorata da tubali. Ban ga laifinsu ba, yaɓe duk shekara ba wasa ba ne. Ɗakin babanki dai ko tsagewa bai yi ba. Magada ne suka rushe shi da hannunsu aka yi shaguna, ban ma je na gani ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonki shi ne, ana wannan aiki duka ban ji inda kika ce yaran sun sa hannu ba. Ƙato kamar angona yana kwance a kujera da waya, sa'ansa ɗan wani yana ɗaukar bulo a ka cikin rana a gidan ubansa. Ki tashe shi. Ya riƙa ba filasta ruwa da safe kafin ya tafi makaranta, ya ƙirga buhunan siminti in an sauke, ya tsaya a kan mai yashi. Ba zai mutu ba, kuma birkila zai rage sata. Sannan kin ce an biya ma'aikata har da kuɗin abinci, don haka ba ruwanki. Haba 'yata. Mutum ya wuni a gidanki yana jin ƙamshin miyarki, ki miƙa masa ruwan leda kawai? Ko kunu ne ki dama, ki ba yaran maza su kai, ban da kishiyata, ita ta rage zirga-zirga a tsakaninsu.

Ita ma ɗin, mijinki ya yi tunani kuwa? Shekara nawa ya rage a fara yi mata sallama? Mu a zaure aka yi mana zance, a kan tabarma, ƙanenmu na zaune a gefe yana cin gyaɗar toshi. In zauren ya zama wurin kwanan mota, a ina mai zuwa zai tsaya? A cikin tasa motar mai baƙin gilashi, can ƙarshen layi, kamar yadda nake gani yanzu.

Ko dole ne a ba shi ɗaki, ni ban ce dole ba, ban kuma ce a hana shi ba. Ya isa ya fita daga cikinku, wannan kam gaskiyarsa ce. Maganar ƙofa kuwa, ki tambayi maigidan wa zai zauna a bakinta, tunda shi sai goma ta wuce yake shigowa. Ki ce masa kada birkila ya taɓa zauren nan sai na zo ranar Asabar, ni da shi za mu yi ta, ba da ke ba.

Kishiyata kuma ki sa ta a A Daidaita Sahu gobe da littattafanta, ta zauna wajena har a gama jarrabawa, nan ba ƙura ba hayaniya, sai dai ta yi min wanke-wanke. In an samu ragowar fenti ki haɗo ta da shi, bangon ɗakina duk ya ɗaɗɗaye.