Amsar tambayarka kan barkwancin Ingila da Amurkawa ke sake yi

Ka aiko kana tambaya: tunda Ingila da Amurka duk Turanci suke yi, me ya sa Amurkawa ba sa nuna wasan barkwancin Ingila yadda yake, sai sun biya kuɗi sun sake shi, kuma in an ba marubuci irin wannan aiki ta ina zai fara? Yaro, rabin tambayar nan ta malalaci ce, da ka zauna ka kalli kashi biyu da agogo a hannunka da ka ba kanka amsa. Ɗaya rabin ne ya fama mini tsohon gyambo, shi ya sa na ɗauki biro.

A BBC babu talla, rabin awa kusan cikakkiya ce. A manyan tashoshin Amurka, NBC da CBS da ABC, talla na cinye wajen minti 8, a bar maka 22, su ma a datse. Zango guda, wato jerin da ake nunawa kafin a tafi hutu, a Ingila galibi kashi 6 ne, mutum ɗaya ko biyu ke rubutawa. Fawlty Towers, wasan wani mai otal da matarsa, duk sunan da ya yi a duniya, kashi 12 ne kacal, 6 a 1975, 6 a 1979. Ba'amurke kuwa kashi 22 ko fiye yake so duk shekara, da ɗaki cike da marubuta, idonsa na kan kashi 100 don ya sayar wa ƙananan tashoshi su riƙa maimaitawa kullum. Can kuɗin yake. In ya sayi rubutun kashi 12, kafin shekara ta raba ya cinye jarinsa. Saboda haka abin da mai hankali ke saye shi ne tarkon: mutane biyu da aka ɗaure wuri ɗaya, babu mai iya guduwa ya bar wani.

Dubi Steptoe and Son da Ray Galton da Alan Simpson suka fara a 1962. Tsoho da ɗansa, 'yan gwangwan a unguwar Shepherd's Bush ta Landan, da dokinsu da keken dokin. Ɗan yana son ya fita ya zama mutum, tsohon yana janyo shi baya da kirsa. A 1972 NBC ta mai da shi Sanford and Son, aka kai su Watts a Los Angeles, suka zama baƙaƙen fata, doki ya koma tsohuwar a-kori-kura, Redd Foxx, wanda ya fito a tsohon, yana dafe ƙirji da ciwon zuciya na ƙarya duk sanda ɗan ya yunƙura. Kusan komai an canja, tarkon na nan, aka yi ta yi har 1977.

Steptoe and Son ɗin nan ne sanadin asarata, kuma sai ka ji ta ko ba ka so.

A shekarun 1990 wani furodusa a Kaduna, ba zan kama sunansa ba don 'ya'yansa sun girma, ya dawo daga Landan da kaset-kaset na shirin a cikin jakar leda. Ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya ce Malam, na Hausa nake so. Na ce ka sayi izini? Ya yi dariya har da buga tebur, wai wane Bature ne zai biyo shi Kaduna. Na ce to ni ba na kwafa. Tsoho ya riƙe yaro ya hana shi tafiya, wannan tun kafin a yi talabijin ake yinsa, zan gina nawa a kai, amma layi ɗaya na Galton da Simpson ba zai shiga ba. Ya ce ya amince. Muka yi takarda, ya sa hannu, ya ba ni kwatan kuɗin kafin alƙalami, ciko sai an fara nunawa.

Ga inda aikin yake, buɗe kunnenka. A na Ingila ɗan yana zagin ubansa ido da ido, masu kallo na dariya. Ka sa ɗan Bahaushe ya yi wa mahaifinsa haka a akwatin talabijin da magariba, iyali na zaune, kashe akwatin za a yi a tsine wa wanda ya rubuta. In kuma ka cire zagin, wasan ya mutu, don ƙarfinsa duk a bakin yaron yake. Na daɗe ina juya abin har na gano mafita: na mai da tsohon kaka. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, yaro zai ce wa tsoho ka ƙi mutuwa ka cinye mana tuwo, kowa ya yi dariya, babu wanda ransa zai ɓaci. Uban yaron na kashe shi tun kafin labari ya fara, ya zama tsohon ba shi da kowa sai jikan. Ciwon zuciya na ƙarya kuma ban taɓa shi ba, tsohon Bahaushe yana da makamin da ya fi wannan. Duk sanda yaron ya haɗa kaya zai tafi Legas, sai tsohon ya ce tafi abinka, Allah ya kiyaye hanya, maƙwabta mutanen kirki ne, za su binne ni. Sai yaro ya sauke jaka. Na ba su baro mai ƙafa ɗaya da ke kuka, da sikeli wanda tsohon ya yi wa dabara da maganaɗisu a ƙasa, kuma wannan sikelin kaɗai ya ba ni kashi guda cur.

Zango na kashi 13 na rubuta da hannu, na kai aka buga da tafireta da kuɗin aljihuna, na miƙa masa a cikin fayil. Shiru. In na je ofis a ce ya yi tafiya, alhali motarsa na ƙofa. Daga baya ya aiko yaronsa wai masu ɗaukar nauyi sun janye, a yi haƙuri.

Ina zaune a gida wata rana sai ga barona a talabijin. Ga sikelina. An canja sunan shirin, a wurin marubuci kuma sunan ɗan 'yar uwarsa, yaron da bai taɓa rubuta ko wasiƙar neman aiki ba. Na same shi da takardarmu. Ya karanta a natse, ya sa yatsa a kan sunan shirin, ya ce wannan daban wancan daban. Sannan ya faɗi maganar da har yau in na tuna abinci ke fita raina: ai Malam labarin na Turawa ne, kai ma ɗauka ka yi. Ni! Cikon kuɗina ban gan shi ba har yau, kuma ban yafe ba.

Abin da ya fi kuɗin ciwo, ɗan 'yar uwar nan tasa ya koma ya kalli kaset, ya ga uba ne a ciki, sai ya ɗauka kuskure na yi, ya mai da kakan uba, ya bar zagin yadda yake. Dattawa suka yi ca, shirin bai kai ƙarshen zango ba aka sauke shi. Mutane na cewa irin wannan labari bai dace da mu ba, alhali ginshiƙin aka zare.

Kada ka ɗauka wautar ta mutum ɗaya ce, Amurkawa da duk kuɗinsu sun sha yin ta. A 2003 NBC ta ɗauki Coupling na Steven Moffat, ta bi rubutun kusan kalma da kalma, ta matse shi cikin minti 22, kashi 4 aka nuna aka janye. Fawlty Towers sun gwada shi a 1978, da 1983, da 1999, duk a banza. A na 1983 mai otal ɗin mace suka mai da shi, Bea Arthur, sai ya zama babu mijin da ke tsoron matarsa, wanda shi ne rabin wasan. The Office na Amurka ma da ƙyar ya sha. Na Ingila, na Ricky Gervais da Stephen Merchant, kashi 12 ne da na Kirsimeti guda biyu, kuma David Brent, manajan ofishin, mutum ne da za ka iya jure wa na wannan ɗan lokaci. Kashin farko na Amurka a 2005 kusan kwafi ne, zangon farko kashi 6, bai yi armashi ba. Sai a zango na biyu Greg Daniels da mutanensa suka sassauta Michael Scott, manajan na Amurka, suka bar masa wautarsa amma suka ba shi abin tausayi, ya zama wawan da ke son a so shi. Da haka suka kai kashi 201 a 2013. Ni dai na Ingila ya fi mini daɗi, ya fi ɗaci, amma ba a kai shekara takwas da ɗaci zalla.

Ku yaran yanzu kun saba da bidiyon minti ɗaya a TikTok, wani ya faɗi a kwata an yi dariya an wuce, shi ya sa kuke zaton barkwanci magana ce mai ban dariya da za a ɗauko daga nan a ajiye can. Shafi biyu ba ku cika ba kun fara tambayar inda sunanku zai fito. Yadda ake tsara fitowa, da inda ake yanka don talla, ba zan ɓata tawada a kai ba, masinjan ofis ma ya sani. In aiki irin wannan ya zo maka, a nuna maka takardar izinin masu shirin da idonka. A yarjejeniyarka kuma a rubuta sunayen mutanen cikin labarin da sana'arsu da dangantakarsu, ba sunan shirin kaɗai ba, kuma kada fayil ya bar hannunka sai rabin kuɗi ya shiga aljihunka.