Yaya kyamara ke bambance wanda ya faɗi da wanda ya kwanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifina ya haura shekara 80, kuma shi kaɗai yake kwana a ɗakinsa. Kwanakin baya ya zame cikin dare ya kasa tashi, sai da gari ya waye muka tarar da shi a ƙasa. An ce mini akwai kyamarar da ke gane mutum ya faɗi, ta kuma sanar da iyalinsa. Yaya take bambance faɗuwa da kwanciya, kuma za a iya dogara da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Damuwarki na kan hanya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa na kashe kusan mutum 684,000 duk shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi yi wa ɓarna.

A hoto ɗaya tak, wanda ya faɗi da wanda ya kwanta duk ɗaya ne a wurin na'ura. Bambancin yana cikin motsi. Bidiyo hotuna ne a jere, 25 ko 30 a kowace daƙiƙa. Manhaja za ta fara gano mutum a cikin hoton, sannan ta ɗiga alama a kan gaɓoɓinsa: kafaɗu, gwiwar hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu. Idan ta haɗa ɗigogin, sai ya fito kamar mutumin da yaro ya zana da 'yan sanduna. Manhajar OpenPose, wadda ta fito daga Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 2017, haka take yi, ita kuwa MediaPipe ta Google ɗigo 33 take sa wa jiki.

Daga nan sai ta bi ɗigogin daga hoto zuwa hoto. Mai niyyar kwanciya yakan lanƙwasa gwiwa, ya dafa, ƙugunsa ya sauka sannu a hankali. Wanda ya faɗi kuwa, kansa da ƙugunsa sukan sauka cikin abin da bai wuce daƙiƙa ɗaya ba, jikin da yake tsaye ya koma shimfiɗe. A da masana ke rubuta wa kwamfuta waɗannan ƙa'idoji da hannu. Yanzu misalai ake tara mata ta koya da kanta, kamar tarin bidiyon Kinetics da kamfanin DeepMind ya fitar a 2017, mai nau'in aiki 400 na ɗan Adam.

To amma nan ne gizo ke saƙa. Bidiyon tsoho na faɗuwar gaske ba shi da yawa, kuma ba wanda zai tura dattijo ya faɗi don a ɗauka. Saboda haka matasa ake sawa su yi kamar sun faɗi, galibi a kan katifa. Wani sanannen tari na Jami'ar Rzeszów da ke Poland bidiyo 70 ne kacal, 30 daga ciki na faɗuwa. Matashi yakan zube gaba ɗaya. Tsoho kuwa sau da yawa jiri ne ke ɗibarsa, ya dafa bango ko bakin gado ya sulale ƙasa a hankali, kuma irin wannan ce ta fi kuɓuce wa na'ura. Shi ya sa a ganina tsarin da ke lura da tsawon zaman mutum a ƙasa ya fi wanda ke jiran faɗuwa mai ƙarfi kawai. Abin da ya sami Baba ke nan: likitoci na tsoron kwanciyar da ta wuce awa ɗaya a ƙasa, saboda ƙishirwa, sanyi, ciwon huhu, da lalacewar tsoka da kan taɓa ƙoda.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya ɓangaren. Mutum ya sunkuya ɗaukar abu ko ya zube kan kujera, sai ƙararrawa ta tashi. Idan ta yi haka sau biyar a mako, iyali za su kashe ta. Gado ko tebur na iya kare rabin jiki, bargo na ɓoye gaɓoɓi, kuma da dare sai kyamarar da ke gani cikin duhu. Banɗaki, inda ake yawan zamewa, bai dace da kyamara ba sam. Can sai na'urar radar, mai gano motsi ba tare da ɗaukar hoto ba, ko wadda ake ɗaurawa a hannu.

Ki nemi yardar Baba kafin a kafa komai, domin ɗakinsa sirrinsa ne. Ki zaɓi wadda ke tantance bidiyon a cikinta, ta aiko da saƙo kawai, hotonsa bai fita ta intanet ba. Kada kuma ki bar maganar likita: a duba hawan jininsa, idanunsa da magungunan da yake sha, tunda kyamara ba ta hana faɗuwa.

Ranar da aka kafa ta, ki sa wani matashi ya sulale ƙasa a hankali a gefen gado, a bayan ƙofa, da kan hanyar banɗaki, da fitila a kunne da kuma a kashe. Ki duba agogo ki ga minti nawa saƙon ke ɗauka kafin ya shigo wayarki.