Zan iya zagaya Ghana ni kaɗai da jaka a baya a hutun ƙarshen shekara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga Kano, wajen aikinmu za su ba mu hutun sati biyu daga 20 ga Disamba. Na daɗe ina burin in rataya jakata in fita ƙasar waje ni kaɗai ta mota, in ga teku in ga daji, kuma Ghana nake tunani tunda ba a buƙatar biza. Ban taɓa fita Najeriya ba, mutanen gida kuma sai tsorata ni suke. Anya zai yiwu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu sosai, kuma ga wanda bai taɓa fita ba gaskiya Ghana zaɓi ne mai kyau. Amma lokacin da ka zaɓa shi ne abin lura, don Accra a ƙarshen Disamba ba wajen mai ƙaramin guzuri ba ce. Tun 2019 da gwamnatinsu ta yi gangamin kiran baƙaƙen fata na Amurka da sauran ƙasashe su dawo su ga tushensu, duk Disamba garin cika yake da baƙi da wasannin kiɗa, kuɗin ɗaki ya haura, tasi ya haura, go-slow kuwa ba a magana. Shawarata ita ce Accra ta zama mashiga kawai, kwana ɗaya ko biyu, sai ka yi gaba zuwa Cape Coast da ke bakin teku sannan ka nufi arewa, can ne abin da kake nema yake kuma can kuɗinka zai yi albarka.

Mu fara da takardu. Fasfo ɗinka na Najeriya ya isa, ɗan ƙasar ECOWAS yana da damar kwana 90 ba biza. Abin da mutane ke mantawa shi ne katin allurar shawara, wanda ake cewa yalo kad, a ofishin lafiya na filin jirgi ko na boda ake yi, kuma sai bayan kwana 10 da yin allurar katin yake fara aiki, don haka kar ka bari sai ana gobe tafiya. Sau ɗaya ake yi ya ishe ka har ƙarshen rayuwa.

Hanya kuma dan Allah ta Legas za ka bi. Kar wani ya ce maka ka yanke ta Nijar da Burkina Faso ya fi kusa, su biyun da Mali sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga matsalar tsaro a Burkina da arewacin Benin da arewacin Togo, ba hanyar mutum ɗaya ba ce yanzu. Daga Legas zuwa Accra bai kai kilomita 500 ba amma wuni guda za ka yi saboda boda uku ne, Seme tsakaninmu da Benin, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao ta shiga Ghana. Tunda karon farko ne ka shiga babbar bas irin ta ABC da ke zuwa Accra kai tsaye, ta fi tsada amma su suke tattara fasfo su kai a buga hatimi. Sabon fasfo da ba a taɓa bugawa ba ana yawan neman ƙarin kuɗi a kansa, ka tanadi canji, ka yi haƙuri, ban da gardama. A kowace boda ka buɗe fasfo ɗinka da idonka ka ga hatimin shiga da na fita kafin mota ta tashi, in guda ɗaya ya ɓace wajen dawowa za ka ji jiki. Kuma kar ka karɓi saƙon kowa, ko da leda ce ƙarama, ko da tsohuwa ce ta roƙe ka.

A Accra ka sauka wajen Nima ko Mamobi, Hausa za ka ji ana yi a titi, ga masallatai ga abincin halal, da safe koko da ƙosai, da rana waakye wato shinkafa da wake. Daga nan ka hau tirotiro, ƙananan bas ɗinsu, zuwa Cape Coast, kamar awa uku. Ka shiga tsohuwar ganuwar da aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa, za a shiga da kai kurkukun ƙarƙashin ƙasa inda ba iska sai ƴar ƙaramar taga can sama, wallahi jikinka zai yi sanyi. Kilomita 30 daga nan akwai dajin Kakum mai gadar igiya guda bakwai da aka ɗaura a saman bishiyoyi, nisanta da ƙasa ya kai mita 30, katako ne siriri kana takawa tana lilo. Ka je da sassafe kafin ƴan hutu su cika wurin.

Teku kuwa ina roƙonka da girman Allah, ka tsaya iya gwiwa. Ruwan gaɓar Ghana yana da ja ta ƙasa, sama lumui amma yana janye ƙafar mutum, ko gwanayen iyo yana ci, balle mu da muka saba da kududdufi da dam, ga shi kai kaɗai ne ba mai lura da kai.

Daga Cape Coast sai Kumasi, ka shiga kasuwar Kejetia ka kwana a Zango, sannan Tamale, sannan Damongo zuwa gandun dajin Mole, wanda shi ne mafi girma a ƙasar. Nan ne lokacinka ya yi daidai, Disamba hunturu ne ciyawa ta bushe ruwa ya ja baya, giwaye suna saukowa tafki shan ruwa, kuma a ƙafa ake zagayawa da safe tare da ma'aikacin daji mai bindiga, za ka ga giwa tana watsa wa bayanta taɓo ga ka ga ta. Kar ka kuskura ka shiga ba ɗan rakiya, kuma ka rufe ɗakinka don gwaggon biri na shiga neman abinci. Dab da ƙofar dajin akwai Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa fari da sanduna a jikinsa, wanda mutanen garin ke cewa tun 1421 yake. Wannan yankin shi ne Gwanja da kakanninmu fatake suke zuwa sarin goro da jakuna, suna wata da watanni a hanya, in ka samu rarar kwana ɗaya ka leƙa Salaga daga Tamale, ita ce babbar kasuwar goron wancan zamanin.

Jaka kar ta wuce abin da za ka iya ɗorawa a cinya a mota, kaya kala uku, rigar sanyi ɗaya, takalmi mai kama ƙasa, fawa bank, tocila, gidan sauro da maganin zazzaɓi. Kuɗi ka raba uku a wuri daban-daban, ka riƙe ɗan sefa na Benin da Togo, sidi kuma, kuɗin Ghana, ka canza a shagon canji mai rajista, kar ka dogara da katin ATM na naira shi kaɗai. Ban da tafiyar dare, musamman hanyar Accra zuwa Kumasi a kwanakin biki, direbobi suna gudu don su ƙara sawu.

Maganar mutanen gida kuma, tsoron nasu ba laifi ba ne, kuma in iyaye ne sai da yardarsu za ka fita. Ka rubuta musu garin da za ka kwana kowane dare, ka bar musu kwafin fasfo, ka sa lokaci ɗaya kullum da za ka kira, in an samu wani ɗan'uwa ko abokin kasuwanci a Zangon Kumasi a ba ka lambarsa, da wuya a rasa a Kano. Ka baro Tamale tun 30 ga Disamba, ka yi daren sabuwar shekara a Kumasi cikin masauki don tituna cika suke da masu zuwa coci da masu shagali, ka ware kwana uku cur na komawa gida. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya.