Idan talauci ya ragu a Meziko, me ya sa masu kishin talakawa ke sukar gwamnati?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa jam'iyyar Morena mai mulkin Meziko ta fitar da miliyoyin mutane daga talauci, amma sai ga wasu masu aƙidar kare talakawa na ƙasar suna sukarta. Tun da gwamnatin tasu ce, mene ne abin ƙorafi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Raguwar talaucin gaskiya ce, kuma alƙaluman hukuma sun nuna ta. A 2018, shekarar da Andrés Manuel López Obrador na jam'iyyar Morena ya ci zaɓen shugaban ƙasa, kashi 41.9 cikin ɗari na jama'ar ƙasar ne ke cikin talauci, amma zuwa 2024 adadin ya sauko zuwa kashi 29.6, wato sama da mutum miliyan 13 ke nan suka fita daga wannan rukuni. Babban dalili shi ne albashi, domin mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a rana bai kai peso 89 ba a 2018, alhali a 2024 ya kusan kai peso 249. Ga kuma kuɗin fansho da ake ba duk wanda ya kai shekara 65, da dalolin da 'yan ci-rani ke aikowa gida daga Amurka, waɗanda suka haura biliyan 60 a shekara, ko da yake wannan na ƙarshe gumin 'yan ci-ranin ne, babu hannun gwamnati a ciki.

Sai an waiwayi baya kafin a gane dalilin da ya sa talakawa suka riƙi wannan sauyi da muhimmanci. Bayan da ƙasar ta kasa biyan basussukanta a 1982, gwamnatoci sun bi tafarkin tsuke bakin aljihu da sayar da kadarorin jama'a, irin abin da Nijeriya ta ɗanɗana a zamanin SAP, kuma an danne albashi da gangan don jawo masu zuba jari. A mulkin Carlos Salinas aka sayar da kamfanin tarho na Telmex ga rukunin Carlos Slim a 1990, mutumin da daga baya ya taɓa zama wanda ya fi kowa dukiya a duniya. A 1992 aka gyara sashe na 27 na tsarin mulki, aka buɗe ƙofar sayar da gonakin gandu na ƙauyuka, waɗanda manoma suka samu ta dalilin juyin juya halin 1910. Ranar 1 ga Janairun 1994 yarjejeniyar ciniki ta NAFTA tsakanin Meziko da Amurka da Kanada ta fara aiki, kuma a wannan rana ce 'yan tawayen Zapatista suka ɗauki makami a jihar Chiapas. Wanda ya sha wannan wuya shekara talatin da ɗoriya ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya sake zaɓen Morena, shi ya sa 'yar takarar jam'iyyar, Claudia Sheinbaum, ta samu kusan kashi 60 na ƙuri'u a zaɓen shugaban ƙasa na 2024.

Ƙorafin masu suka na farko, wanda a ganina ya fi kowanne nauyi, a kan haraji yake. López Obrador ya yi alkawarin ba zai ƙirƙiro sabon haraji ba, ya kuma cika. Meziko ita ce ta ƙarshe wajen tara haraji a cikin ƙasashen OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziƙi da akasarin mambobinta ƙasashe ne masu arziƙi, idan aka auna da girman tattalin arziƙinta, kuma manyan attajirai da bankuna sun ci gaba da kwasar riba a zamaninsa. To, idan ba a taɓa aljihun masu hali ba, ina aka samo kuɗin rabawa? An matsa wa manyan kamfanoni su biya bashin harajin da ake bin su, wannan abin yabo ne, amma an kuma rage wa ma'aikatu kasafi da sunan tsimi. A ɓangaren lafiya aka fi jin jiki: an soke tsarin inshora na Seguro Popular, wanda ya maye gurbinsa bai tsaya da ƙafarsa ba, sai yawan marasa hanyar samun kulawar asibiti ya tashi daga kusan kashi 16 a 2018 zuwa kashi 39 a 2022. Tsohuwar da ta karɓi fansho ta kai shi kantin magani, an ba ta da dama an karɓe da hagu.

Na biyu shi ne sojoji. Masu ra'ayin sauyi a Meziko ba su manta da kisan da sojoji suka yi wa ɗalibai a Tlatelolco a 1968 ba, ko ɓatan ɗalibai 43 na Ayotzinapa a 2014, wanda ake zargin da hannun soja a ciki, don haka ya yi musu ciwo da suka ga gwamnatinsu ta miƙa wa soja sabuwar rundunar tsaro ta ƙasa, da gina filin jirgin sama, da kula da kwastan. Waɗanda suka ɓace ba a san inda suke ba sun haura dubu 100, kuma iyayensu mata ne ke yawo da shebur suna tonon kaburbura. Su kuwa 'yan Zapatista tun farko ba su yi mubaya'a ba, sun kuma yi tir da layin dogo na Tren Maya da aka ratsa dazuzzukan kudu da shi.

Magoya bayan Morena suna amsawa da cewa ƙasar da mafi yawan kayan da take fitarwa Amurka suke tafiya ba ta isa ta tsokani masu jari ba, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Sai dai fiye da rabin ma'aikatan ƙasar ba su da rajista, ƙarin albashi ba ya isa gare su kai tsaye, ga shi kuma Sheinbaum ta gaji giɓin kasafi na kusan kashi 6 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa, tare da bashin kamfanin mai na Pemex, yayin da masu karɓar fansho ke ƙaruwa kowace shekara.