Lemun tsami a ruwa: na kashi ko na kanti?

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Ni matar aure ce a Bukoki, nan Yamai. Tun haihuwata ta uku tumbi ya ƙi komawa. Ƙawayena sun ce in riƙa shan ruwan zafi da lemun tsami da sassafe kafin in sa komai a baki, wai yana narkar da kitse. Kuma wai sai babban lemun nan ruwan ɗorawa na kanti, wanda kilonsa ya haura jaka (sefa dubu ɗaya), ƙananan namu da ake sayarwa kashi-kashi ba sa aiki. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ki bar kuɗinki a lalita. Lemun tsami, babba ko ƙarami, ba ya narkar da kitse. Na san inda zancen ya samo tushe: mun saba ganin yana yanke maiƙo a kwanon miya, sai muka ɗauka haka yake yi a ciki. Kitsen jiki kuwa ajiya ce, ba ya raguwa sai abin da jikinki ke ƙonawa ya fi abin da kike ci. Wadda ta ga sauyi, ki bincika da kyau, za ki tarar ta daina shayi mai cokali uku na sukari ne, ko lemun kwalba, ta maye gurbinsu da wannan ruwan.

Amma fa kada ki yar da shi. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ruwan randa ma ke gundurar mutum, ɗan tsamin nan yana sa a sha da yawa. Ga kuma bitamin C. A giram 100 na ruwan ƙaramin lemun akwai kimanin miligiram 30, na babban kusan 40, mace kuma tana buƙatar wajen 75 a rana, mai shayarwa 120. Kin ga bambancin bai kai a biya masa jaka ba, ƙara matsa ƙaramin lemun ya cike shi. Gwaiba guda ma ta fi su duka.

Abin da na fi so ki ji shi ne wannan. Bitamin C yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin wake da zogale da gero, shayi kuma yana tare shi. Macen da ta haihu sau uku, ƙarancin jini ya fi tumbi ba ni tsoro. Saboda haka ki matsa lemun a kan kwaɗon zogale ko shinkafa da wake, ko ki sha ruwansa tare da abinci, shayi ya jira awa ɗaya ko biyu. Kuma ruwan ya zama mai ɗumi ko sanyi, don tafasasshe yana kashe bitamin ɗin.

In kin je kasuwar Katako ko Wadata, ɗauki lemun ki auna a tafin hannu. Mai nauyi, mai sulɓin bawo, wanda ke ɗan lotsawa in an danna, shi ne mai ruwa. Kafin ki yanka, ki murza shi a kan faranti da tafin hannu.

Tambaya: Yaya, daga Tawa nake. Likita ya ce ina da tsakuwar ƙoda, an ce lemun tsami na fasa ta. Sai dai in na sha ƙwannafi yake taso mini, haƙorana kuma sun fara tsami.

Amsa: Allah ya ba ka lafiya ɗan'uwa. Sinadarin tsamin lemun yana rage haɗuwar wasu irin tsakuwoyin, amma ba ya fasa wadda ta riga ta yi girma. Babban makaminka ruwa ne mai yawa, har fitsari ya yi fari-fari, da rage gishiri. Ƙwannafin kuwa gargaɗi ne: ka daina shan sa da yunwa, in ya ci gaba ka bar shi ka gaya wa likitanka, musamman in kana da gyambon ciki. Tsamin yana cinye farin rufin haƙori, kuma ba ya tsirowa. Rabin lemun a babban kofi ya isa, ka shanye lokaci guda, ka kurkure baki da ruwa, ka dakata rabin awa kafin ka sa asawaki ko buroshi.